Tocilar da Sai an Zuƙa

"…lafiya lau, ya aiki, ya mutanen gida, ya… Au. Ashe kai ne. Maido min gaisuwata, na ɗauka mutum ne ya shigo."

"Gaisuwar da ta fita ta fita ke nan, 'yar tsohuwa. Ina wuni? Ashe har yanzu kina nan?"

"Ina nan daram. Sai na ga bayanka."

Da na faɗi haka sai da bakina ya yi ɗaci, don ranar Laraba ce, shi kuma Asabar zai tafi, kuma a tunaninsa ban sani ba.

Bari in ɗan koma baya, kada in bar ku a hanya. Wannan da ya shigo jikana ne, ɗan 'yata ta biyu. Sunan marigayi mai gidana aka sa masa, shi ya sa tun yana cikin zanen goyo ban taɓa kama sunansa ba. Bakina bai iya ba. Sunan da na shekara arba'in da ɗoriya ina kewaye shi, ba a kan wani ɗan firit zan fara faɗa ba. Maigida nake ce masa. Shi kuma amarya yake ce min in yana son wani abu, 'yar tsohuwa in ya riga ya samu. Gyaran firji yake yi da na'urar sanyaya ɗaki. Dogo ne kamar kakansa, har tsayuwar bakin ƙofa iri ɗaya, kafaɗa ɗaya a jingine, sai ka ce ƙofar ce za ta faɗi yake tare ta.

To, sati guda kafin nan uwarsa ta zo aron babban akwatin marigayi da ke ƙarƙashin gadona, wai za ta zuba barguna. Na ce bargunan da suka shekara goma a saman kabad, yau suka ga suna son akwati? Ta sunkuyar da kai tana goge akwatin, tana ta gogewa har inda ba ƙura. Na ce ke, ni fa na haife ki. Sai kuka. Wai ya samu aiki a wata ƙasa, sai an hau jirgi biyu, shekara uku ba zuwa gida. Wai ya ce kada a gaya min saboda hawan jinina, in ya sauka lafiya zai kira ni a waya.

A waya. Kun ji fa.

Ni ban ce kada ya tafi ba. Abinci inda yake can ake bin sa. Abin da nake so bai fi ƙarfinsa ba: ya zauna a gabana ya faɗa min da bakinsa, mu yi sallama irin ta mutane. Mai shekaruna ba a yi mata alkawarin shekara uku. Amma uwarsa ta sa na rantse ba zan tona ta ba, don haka ba ni da damar fara maganar. Sai dai ta fito daga bakinsa.

Shi ya sa na ƙirƙiro aike. Maƙwabcinmu ya ɗora bene ya toshe min taga, ɗakina da rana tsaka sai ka ce cikin tulu. In abu ya faɗi sai in yi ta lalube. Na aika masa ya sayo min 'yar tocila mai caji, mai igiya, wadda zan rataya a ƙusar jikin gado. Tocilar ina so, ba ƙarya. Amma ƙafarsa na fi so.

"Ina saƙona?" na ce.

"Wane saƙo? Miji ya shigo da gajiya, ko ruwa ba a ba shi ba, sai tambayar tsaraba?"

"Ga firjin da ka gyara can. Tun ranar da ka taɓa shi yake dafa ruwa. In shayi kake so, ɗebo daga ciki."

"Firjin nan sa'anki ne. Na gaya miki, ku biyun kun wuce gyara, sai addu'a."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Ina tocilata?"

Sai ya fara shafa aljihu. Na gaba, na baya, na riga. Ina kallon fuskarsa na san ya manta. Wanda kansa ya cika da takardun tafiya, ina zai tuna da tocilar tsohuwa? Amma mazan gidan nan ba sa cewa na manta. Kakansa ya taɓa fita sayo min zare ya dawo da kwaɗon ƙofa, ya tsaya yana min bayani wai kwaɗon na fi bukata. To shi ma wannan sai ya zaro wani abu daga aljihun riga ya ɗora min a tafin hannu.

"Ga ta. Sabon yayi. Duk layin nan ba tsohuwar da ke da irinta."

Wani ɗan baƙin abu ne mai santsi, bai fi kwalbar turare ba, gefensa kamar gilashi, samansa da ɗan baki irin na usur. Na juya shi, na sake juyawa. Da ɗumin jikinsa a jiki.

"Ina ƙwan?"

"Ba ta da ƙwai. Ta wuce wannan zamanin."

"Ina igiyar ratayawa?"

"Wannan ba a rataya ta. Lallaɓa ta ake yi, kamar ke."

"To ina makunnin?"

"Ba da hannu ake kunna ta ba."

"Da me, da ƙafa?"

"Da numfashi. Kawo ki gani."

Ya karɓa ya kai baki ya zuƙa. Sai ga wuta ta taso daga gindin abin tana hawa sama, shuɗiya, ta koma kore, ta koma ruwan hoda, suna bin juna kamar jerin tururuwa an shafa wa kowace fenti. Gaskiya ɗaya ce, ta yi kyau. Kyan ɗan maciji. Yana cire ta daga baki ta mutu. Sai ga hayaƙi ta hancinsa, fari tas, mai yawa, ɗakin duk ya ɗauki ƙamshin alewar yara.

"Maigida, tocilarka ta kama da wuta. Ta hancinka take fita."

"Ba hayaƙi ba ne. Tururi ne."

"Tururi a tukunya na san shi. Kai me ka ɗora a ƙirjinka?"

"Ke ba ki waye ba, amarya."

"Na waye tun uwarka ba ta yi haƙori ba. Kifi na ganinka, mai jar koma. Taba ce wannan ta je ta yi kwalliya."

"Taba da caji? Taba da fitila kala bakwai?"

"Ko jaki aka ɗaura wa ɗankwali, ranar da ya buɗe baki za a gane shi."

"To na ji. Sigarin lantarki ne, wasu su ce shishar aljihu. Amma me kika aike ni? Abu mai caji, mai haske. Ga caji, ga haske. Ni na cika aike."

"Ai maƙesu ma yana haske, ƙwaron nan mai wuta a gindi. Ka taɓa ganin wadda ta zura zare a allura da shi?"

"Don ba ta gwada ba ne."

"To mu gwada. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ƙwayar maganina ta faɗa ƙarƙashin gado da safe, 'yar fara ƙarama. Nemo min da tocilarka."

"Yanzu kuwa."

Ya durƙusa, ya zuƙa, ya yi maza ya zura hannu da abin ƙarƙashin gado. Kafin hannun ya isa, wuta ta mutu. Ya sake zuƙa, ya sake zurawa. Ta sake mutuwa.

"Kunya take ji?" na ce.

"Tsaya mana."

Sai da ya kwanta ruf da ciki, ya tura kai ƙarƙashin gadon da abin a baki, ƙafafunsa har bakin ƙofa. Ina zaune a sama ina kallon siminti yana canja kala, can sai hayaƙi ya fara fitowa ta gefen katifa, ta wajen kai, ta wajen ƙafa, kamar ni aka ɗora a wuta.

"Me ka gani?"

"Hazo."

"Hazon wa?"

"Nawa."

"Madalla. Tocilar da ke haskawa da hannun dama tana rufewa da na hagu."

Dariya ta ƙwace masa, ya ƙware, tari ya sarƙe shi, ya ɗago kai ya gwabza da katakon gadon. Gadon nan kakansa ne ya yi shi da hannunsa, katako ne na gaske, ba ya tausayin kan kowa. Na yi dariya har da hawaye. Amma tarin bai yi min daɗi ba. Kunnena ya san irinsa.

Ya jawo jiki ya fito, kansa duk yana da ƙura, hannunsa riƙe da wani tsohon gwangwanin madara.

"Ban ga magani ba. Ga dai dukiyar da kike ɓoye wa mijinki."

Na karɓa. Ya yi tsatsa, bakinsa da wani baƙin tabo a gefe ɗaya. Gwangwanin tokar kakansa ne. Ni kaina na manta inda na tura shi.

"Da a bayan akwati yake," na ce. "Ka ga wajen ya yi fili ko? Uwarka ta ɗauke akwatin. Wai barguna."

"Eh," ya ce. "Barguna."

Ya koma ya zauna a bencin bakin ƙofa yana kakkaɓe kai. Sai ya kai abin baki ya ja, dogo. Wutar ta hau har sama, ta tsaya a kan ja, ta daɗe ba ta sauka ba.

Ɗaya ke nan. A raina na ƙirga.

Ku yaran yanzu ba lallai ku gane ba. Mai gidana kafinta ne, kuma mutum ne marar magana, maganarsa ta wuni guda ba ta cika cokali ba. In ya dawo daga aiki, garin katako har cikin gira, a bencin nan yake zama, ya kunna sigarinsa, ya ajiye gwangwanin nan a gefen ƙafa. Ni ina ciki ina aikina. Hasken waje na bayansa, ba na ganin fuskarsa sosai, sai 'yar jan wutar nan. Ban yi makaranta ba, ko sunana ban iya rubutawa ba, amma wutar nan ina karanta ta kamar wasiƙa. In tana ƙiftawa gajere-gajere, ya samu aiki mai kyau, yau har dariya za a yi a gidan. In ya bar ta tana cin kanta a tsakanin yatsu har toka ta faɗi, uwarsa yake tunawa, sai in ƙyale shi. In kuwa ya ja ta dogo, ta yi jawur ta ƙi dushewa, to wata magana ce ta zo maƙogwaro yake mayar da ita ciki da hayaƙi. Ɗaya, ƙaramar magana ce. Biyu, ta yi nauyi. Uku kuwa sau ɗaya na taɓa gani.

Na tsani tabar nan, na yi faɗa a kanta har na gaji. Amma yau shekara goma sha ɗaya, da la'asar ta yi sanyi, idona bencin yake zuwa yana neman 'yar wutar. Sai ga ta ta dawo, a benci ɗaya, a bakin mai suna ɗaya, sai dai ta sako kaya kala bakwai.

Na gyara zama na ce, "Wai ita wannan amaryar taka, nawa take yi kafin ta mutu?"

"A kwali an rubuta zuƙa dubu goma."

"Wa ya ƙirga?"

"Masu yin ta."

"Kai ka ƙirga?"

"Ina da aikin yi."

"To wadda ka riƙe kafin wannan, kwana nawa ta yi?"

Ya sosa ƙeya. "Sati uku. Daga nan ta fara ɗanɗanon ƙonannen tsumma."

"Dubu goma a sati uku? Ko numfashin rai kake yi da ita? Cajin fa?"

"In an kashe fitilun tana kwana biyu. In an bar su, kafin la'asar ta kwanta."

"Ashe kwalliyar ce ke cinye ta. Me ya hana ka kashe?"

"In na kashe, da me ta fi ta kowa?"

"Wannan tabon na aljihun rigarka fa, mai kama da na zuma?"

"Wani lokaci tana ɗan yoyo."

"To tsaya in lissafa maka. Tana yoyo, tana ƙauri, kafin la'asar ta kwanta, kuma ba ta ganin abin da ya wuce hancinta. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba."

"Duk abin da kika lissafa ai ke ma kina yi, kuma ban sake ki ba."

Wannan kam ya same ni. Na ɗauki filo na jefa masa, ya cafe yana ƙyaƙyatawa.

"Marar mutunci. Ni da na wanke maka kashi."

"Ai kin san me kika aura. An ce dai ta fi sigari sauƙi, amarya."

"Wa ya ce? Mai sayarwa? Ka taɓa jin mai talla ya kushe kayansa? Ni ban sani ba, ban karanta ba. Tari dai na ji a ƙarƙashin gadona, ruwa kuwa ba ya tsami banza."

"Ƙura ce. Shekara nawa rabon da a share wajen?"

"Tun da mijina ya zama malalaci. Ka ga, kada in manta. Wata mai kamawa likitan ido ya ce in koma. Kai za ka kai ni. Wancan karon kawunka ya kai ni, ya bar ni a layi ya tafi amsa waya har aka tsallake ni."

Ya kalli ƙasa. "Allah ya kai mu."

Ya ja. Dogo. Ja ta hau ta tsaya.

Biyu.

Na ce a raina, ke 'yar mutane, yau ko dai ki ji, ko dai ki sake rufe shayi. Za ku gane maganar shayin yanzu.

"To ɗauki abarka," na ce, "ni ba na karɓar maƙesu a matsayin tocila. Asabar da hantsi ka kawo min ta gaske, mai ƙwai, mai igiya. Asabar fa. Kada ka ce min aiki."

"Asabar…" ya ce. Ya tsura wa bango ido kamar an rubuta masa amsa a jiki. Sai ya kai ta baki. Kala bakwai ɗin nan duk sai da suka zaga suka dawo, ja ta tsaya, ta tsaya, har abin ya gaji ya fara ƙiftawa da kansa.

"Uku," na ce a fili.

"Uku me?"

"Dogayen zuƙa uku. Faɗi."

"In faɗi me? Yanzu har duba kike yi da sigarin lantarki? Lallai bokanci ya samu ci gaba."

"An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ni mazan gidan nan fuskarsu ba ta magana. Wutarsu nake tambaya."

"Ni sakinki ma zan yi in huta da bincike. Uku kika ce ko? To shi ke nan, saki uku, ki tattara haƙoranki biyu ki koma gidanku."

Kullum in ya faɗi haka nakan ce masa gidan nawa ne, shi zai fita. Ranar ban ce ba.

"Kakanka ma bai sake ni ba," na ce. "Tafiya ya yi."

Dariyar ta tsaya masa a rabi.

"Kana ɗan sha biyar lokacin, abin da aka gaya maka shi ka sani. Wata huɗu ya yi da sanin abin da ke ƙirjinsa. Likita ya sani, ƙaninsa ya sani, har mai sayar masa da ƙusa ya sani. Ni ce ban sani ba, wai tausayina yake ji. Ranar da hantsi ya zauna nan inda kake, na kawo masa shayi. Ya ja dogo sau uku, ya kashe ta a bakin gwangwanin nan, ga tabon. Ya ce, zan leƙa wajen likita in dawo, rufe min shayina kada ƙuda ya faɗa. Na ɗauko ƙaramin faranti na rufe. Ashe gado aka riga aka ba shi a can. Kafin a yarda a kai ni, an sa masa roba a baki, ba magana. Ya kalle ni, na kalle shi. Shi ke nan sallamar shekara arba'in da uku."

Abin na hannunsa, a mace.

"Na yafe masa tabar. Na yafe masa kwaɗon da ya sayo min maimakon zare. Na yafe masa komai. Shayin nan ne har yau ban gama yafewa ba. Kuma ni ma da laifina, don na ga wutar ranar, na karanta ta sarai, kunya ta hana ni tambaya. To yau ba ni da kunya, ba ni da haƙora, ba ni da lokaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Maigida. Faɗi."

Ya tashi daga bencin. Na ɗauka fita zai yi, wallahi har na ji jinina ya hau. Sai ya zo ya zauna a ƙasa, dab da ƙafata, kamar da can in ya yi ɓarna yana neman mafaka.

"Mama ce ta gaya miki."

"Uwarka akwatin zuba barguna ta zo nema. Tocilarka ce ta tona ka. Ka ga ashe akwai abin da take haskawa."

Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya goge ido da bayan hannu wai hayaƙi ne.

"Tururi dai," na ce.

"Tururi," ya ce.

Sai ya faɗa min. Duka. Asabar ƙarfe goma na safe, jirgi biyu, shekara uku. Wasu manyan ɗakunan sanyi ne na ajiyar kifi, kowanne ya fi gidan nan, shi zai riƙa kula da injinansu. Na ce Allah ya ji ƙan kifin mutane, dafaffe za a riƙa fitar da shi. Ya ce sau biyu yana zuwa ƙofar nan da niyyar gaya min, da ya shigo sai in fara zaginsa, sai ya ji ba zai iya ɓata zagin ba.

"Kaka," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun yana firamare. "Tsoro nake ji in dawo in tarar…"

"Ka tarar na yi sabon miji?"

Ya gyaɗa kai. "Eh. Shi."

"To wannan ba a hannunka yake ba, ba a hannuna yake ba. In manemin ya zo, ba a ce masa ya dawo gobe. Shi ya sa ake sallama tun da sauran baki. Matso."

Na ɗora hannu a kansa, har lokacin da yanar gizo a gashin. Na yi masa addu'ar da na tanada wa kakansa ban samu na yi ba, na haɗa masa da tasa. Na ce ya yafe min. Ya ce ni zan yafe masa. Na ce na yafe komai, har firji. Muka ɗan zauna haka. Ban san ko minti nawa ba ne, ni dai ban ɗauke hannuna da wuri ba.

Shi ya fara gyara murya.

"Kin ci, amarya. Na janye sakin."

"Uku fa ka yi."

"Tururi ne, ba ya zama."

Ya ɗauko abin, ya zare 'yar kwalbar ruwan da ke samansa, ya juya gindinsa. Ashe akwai wani ɗan maɓalli a ɓoye, bai fi ƙwayar gero ba. Ya kama yatsana ya ɗora a kai.

"Danna sau uku a jere. Da sauri."

Na danna. Sai ga wutar ta tashi da kanta, ba baki, ba hayaƙi, tana hawa tana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci.

"Ashe tana da makunni, maƙaryaci."

"Da na nuna miki tun farko, da me za mu yi faɗa? Riƙe ta. Ajiya na ba ki, ba kyauta ba. In na dawo ki ba ni abata."

"Kawo kwalbar ma."

"Ita kuma me za ki yi da ita?"

"Za ta gaisa da kakanta."

Na jefa ta cikin gwangwanin madara, ta yi ƙwal. Ya dafe kai yana dariya, ya ce shi bai taɓa ganin matar da ta ƙwace wa miji taba, ta ƙwace masa asiri, kuma har yanzu ba ta ba shi ruwa ba. Na ce firji na nan, ya ɗebo mai zafi.

Na san in ya so zai sayi wata a can, ni ba yarinya ba ce. Ya ce ya bari, na ce to. Daga nan ba na ganin wutarsa, balle in karanta.

Tocilar gaske ranar Juma'a ya kawo ta, ga ta can a ƙusa. Tana haske sosai, ba ni da abin cewa a kanta, ita ma ba ta da abin ce min. 'Yar baƙar kuwa uwarsa ke sa min ita a caji duk kwana biyu, tana mita wai me tsohuwa za ta yi da wannan. Da la'asar ta yi sanyi nakan danna sau uku in ɗora ta a kan benci, in koma gado in zauna. Ba ta haska ko ƙafar bencin. Ni dai in na ɗaga ido akwai wuta a wajen.

Yau wata bakwai. In ya kira a waya, kafin gaisuwa nake ce masa, "Maigida, tocilarka fa har yau ba ta nemo min ƙwayar nan ba."

Shi kuma ya ce, "Bar ta a inda take, 'yar tsohuwa. Ni zan zo in ɗauko."

Na hana a share ƙarƙashin gadon.